Ƙofar Yamma ta Birnin Zangarma

Tun da na dawo daga Birnin Zangarma ban gyara rediyo ko ɗaya cikin natsuwa ba. Mutum zai shigo rumfata a kasuwar Madawa riƙe da rediyon da lafiyarsa ƙalau, ya ce wai yana cin batir, ya gyara zama a kan benci, sannan ya ce, “To Salisu, ƙaƙa birnin nan naku yake?” Na faɗa da baki har muryata ta dushe. Shi ya sa na sayi littafin ’yan lakwal, wato ’yan makaranta, na rubuta, duk wanda ya ƙara tambaya sai in miƙa masa in ci gaba da aikina.

Innata ce mafarin tafiyar. Tana zaune a Sabon Gida wurin yayana Mamman, kuma ƙanenta ɗaya ne ya rage a duniya, Kawu Anaruwa. Magini ne, ya yi shekaru yana gina ofisoshi a Tawa. Da matarsa ta rasu, ’ya’yansa kuma suna can Abijan, sai ya tattara ya koma ƙauyensu na asali bayan Ibohaman. A ƙarshen ranin da ya biyo bayan babban farin nan, wani mai sayen albasa ya kawo wa Inna labari cewa Kawu ya taɓu. Wai yana gina gidajen da ko kaza ba ta shiga, yana lissafa unguwannin wani birni da ba wanda ya taɓa jin sunansa.

Inna ta aika aka kira ni. Ba ta da haƙoran gaba tun ina goye, amma ban taɓa jin wanda ya ce bai gane maganarta ba.

Ta ce, “Ka tahi ka taho min da shi kahin ruwa shi sauka. Ko shina so ko ba shi so. Ni ɗai tar rage mai, ba ni barin ƙanena shi zan abin kallo.”

Na ce, “Inna, in ya ƙiya hwa?”

Ta ce, “To kai ma kak ka dawo.”

Da zan fita, Yaya Mamman ya ja ni bayan rumbu ya ba ni sabuwar igiya, wai ko da za a buƙata. Na cusa ta ƙarƙashin kayan aikina, domin ba na kwana ko’ina ba tare da su ba.

Daga Madawa na shiga wata tsohuwar Landirover mai zuwa Keita. Ban ƙirga mu nawa ne a ciki ba, amma ƙafata ta hagu ban sake ganinta ba sai a Buza. Kusa da ni wata mata ce mai suna Madam Rahila, Kirista, tana aikin jinya a asibitin mishan, za ta ganin gida wajen Tabotaki. Mace ce mai son hira. Kafin mu yi nisa ta ba ni dabino, ta kuma tatse labarina kaf.

Ta ce, “Kak ka yi gardama da shi. Ka tambaye shi abu yau, ka sake tambaya tai gobe da jibi. Wanda hankali nai yat tahi, zance nai na yau ba ya gamuwa da na gobe. Ka kuma duba ko shina cin abinci, shina wanka, shina gaida mutane. Ka ga igiyag ga kau, ka nemi akuya ka ɗaure.”

A shingen Buza wani jandarma ya buɗe jakata ya zaro igiyar. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce me zan yi da ita. Na ji kunyar in ce ta kawuna ce, sai na ce rago zan saya. Ya ce a ina. Na ce Ibohaman. Ya ce ai ƙanensa yana da raguna a nan Buza, masu kyau. Da ƙyar na kuɓuta ba tare da rago ba, Madam Rahila tana ta dariya cikin mayafinta.

Bayan ta sauka, muna tsakiyar hawa wani tudu mai jan dutse, mota ta yi tari ta mutu. Direba ya ji an ce ni mai gyara ne, ya ce in fito. Na ce masa ni rediyo na sani. Ya ce, “Waya ai waya ta, malam.” Na leƙa don in fita kunya, sai ga kan batir ya kwance. Na ɗaure, mota ta tashi, aka mayar da ni gidan gaba kusa da direba. Wannan ita ce cutata tun ina yaro: in na ga abu a kwance ko a ɓalle, hannuna ba ya iya zama. Ku riƙe wannan, za ku ga inda ta kai ni.

Na kwana a Keita gidan ’yar’uwar direba, aka ba ni danbu da zogale wanda ya sha ƙuli, na ci har na ji kunya. Washegari wata babbar motar kaya ta sauke ni Ibohaman, sauran hanyar kuma na taka da ƙafa.

Gidan Kawu shi ne na ƙarshe a ƙauyen, a gindin wani gangare. Ban same shi a ciki ba. Na zagaya baya, sai na tarar da wani dattijo zaune a kan turmi, da tsohuwar hular soja, ya gitta karan dawa a kan hanya.

Ya ce, “Tsaya nan! Duwan na. Ina lesefase?”

Na ce ni ɗan ’yar’uwar mai gidan ne. Ya ce ko ɗan gwamna ne ni, nan bakin iyaka ne, shi kuma duwan, wato kwastan. Daga baya na san shi ne Sarjan Iro, maƙwabcin Kawu, tsohon soja wanda ya rasa abin tsarewa tun da ya ajiye kaki. Ya bincike jakata, ya ƙwace igiyar ya ce ta zama ta hukuma. Sannan ya ce lesefase, wato takardar shiga ƙasar nan, dutse ce. Kowane baƙo sai ya hau gangare ya ɗauko dutse ɗaya wanda ba zai ɗauku da hannu guda ba. Na hau cikin rana ina ƙunƙuni, na sauko da shi a kafaɗa. Ya duba shi gaba da baya, ya ɗaga karan.

Abin da na gani ya sa na manta da gajiya. Birni ne sosai, da ganuwa da tituna da unguwanni, an shimfiɗa shi a kan fili kamar faɗin masussuka biyu. Ganuwar ta kai mini gwiwa. Gidajen duk na laka ne, kowanne da zaurensa da indararonsa na kara, ga masallaci, ga rumfunan kasuwa, ga rumbuna masu kumburarren ciki irin namu na Adar, ba su wuce girman tulu ba. Na yi shekaru ina kallon cikin rediyo, na san aikin hannu mai kyau in na gan shi.

Kawu Anaruwa ya ɗago daga bayan wata unguwa da laka har gwiwar hannu. Ya rame kaɗan, amma idonsa garau.

Ya ce, “Salisu na? Marhabin da baƙon Zangarma. Ina ruwa yat tsaya?”

Sarjan ya raɗa mini cewa gaisuwar birnin ke nan, kuma amsar ita ce, “Inda anka tare shi.” Na amsa. Daga nan na ɗaga ƙafa zan tsallake ganuwa in je in gaida kawuna, sai su biyun suka yi ihu tare. Ba a tsallake ganuwar Zangarma, ɓarawo ne kaɗai ke yin haka. Akwai wata ’yar hanya da aka bari ta ƙofar kudu, daidai tafin ƙafa ɗaya. Kuma ba a tsayuwa a cikin birni, sai dai a tsuguna, domin mai tsayi yana leƙa cikin gidajen matan mutane. Haka na ƙarasa wurin Kawu a tsugune ina jan gindi, na gaishe shi.

Aka sauke ni a masaukin baƙi, wato aka ɗauki wata tsakuwa aka ce ni ce, aka saka ta cikin wani ɗaki mai girman ƙwarya kusa da kasuwa. Sauran jikina kuma aka shimfiɗa masa tabarma a zauren Kawu. Abinci dai na duniyarmu ne: fura da nono da rana, tuwon dawa da miyar kuka da yamma, sai cuku da shayin da Sarjan ke kawowa. Na lura Kawu yana ci da kyau, yana wanka, yana gaida mutane. Abu uku ke nan daga cikin na Madam Rahila.

Kwana uku ina yi masa tambayoyi iri ɗaya, ina jiran ya yi tuntuɓe. Ya ce Zangarma ita ce babban birnin Ƙasar Bayan Dutse, wadda ke da garuruwa da yawa da bai samu sukunin ginawa ba tukuna. Mutanenta ba su san kuɗi ba. Raƙuma suna shigo da gishiri ta ƙofar arewa, jakuna suna fita da albasa ta ƙofar kudu, a tsakiya a yi musanya. Harajinsu dutse ne. Kowane magidanci yana kawo nasa, a jera su a gicciye a kan gangare, don in ruwan sama ya taho da gudu ya tarar da abin da zai tsayar da shi ya shiga ƙasa. Attajiri a Zangarma shi ne wanda jerin duwatsunsa ya fi tsawo. Na ce a Madawa da mai irin wannan arziki zai je neman aure, da kare za a sakar masa.

Kawu ya ce, “Shi ya sa ku kuka sayen hatsi da rani.”

Babbar dokarsu ta rumbu ce. Ba a taɓa hatsin bana sai an cinye na shekara uku da suka wuce, kuma tsanin hawa rumbu a ɗakin mata yake kwana. Namiji ko sarkin yaƙi ne, sai ya roƙa.

Tarihin kuwa, na sha dariya har cikina ya ƙulle. Akwai Yaƙin Kaji, lokacin da kajin Sarjan suka shigo ta gabas suka rushe unguwar maƙera, aka kwana uku ana zaman sulhu. Akwai Shekarar Jaki, da wani jaki ya tsinke ya zo ya yi birgima a kan kasuwa, dole aka tashe ta aka mayar kusa da masallaci. Akwai Babbar Ambaliya, wadda ta cinye rabin ganuwa, ita ce ta sa aka ƙara haraji. Na juya tambayoyin, na fara daga ƙarshe, na sa masa tarko da gangan na ce Shekarar Jaki ta riga Yaƙin Kaji. Ya ce in ban iya riƙe tarihi ba in yi shiru.

A rana ta uku wasu mata biyu suka zo da duwatsunsu, Sarjan ya ɗaga musu kara. Suka tsuguna suna kallo, Kawu ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa daga saman birni. Ruwan ya gangaro, ya tsaya a jerin farko, ya cika, ya zarce na biyu, bai kai ganuwa ba sai da ƙasa ta shanye shi. Ɗayar ta ce fakon mijinta haka yake da gangare, za su gwada. Da yamma Kawu ya kai ni gonarsa, na ga irin jerin nan manya-manya, da ƙasa mai laushi da ta taru a bayansu. Igiyar Yaya Mamman ma a can na gan ta, Sarjan ya ja ta tsakanin turaku biyu ana daidaita sabon jeri da ita.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai. Birnin yana da ƙofofi bakwai, shida kowace da ƙyaurenta na falalen dutse, amma ta yamma a wangale take. Kuma a tsakiyar fada akwai wata ’yar kujera irin ta mata, ba kowa a kai. Shi Kawu Sarkin Magina kawai yake kiran kansa. Na ɗauka tsufa ne ya sa ya manta da ƙyauren.

Rana ta huɗu da hantsi, Kawu ya tafi jana’iza wani ƙauye tare da Sarjan. Na zauna ni kaɗai ina kallon ƙofar nan, hannuna yana ƙaiƙayi. Na buɗe jaka na ciro murfin bayan wani mataccen rediyo, na auna, na yanka, na yi masa maratayi da jar waya, har da ɗan sakata. Na kafa, na rufe, ya zauna daram. Na ce yau Kawu zai san ’yar’uwarsa ta haifi mai sana’a.

Da ya dawo ya gani, bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya tsuguna, ya zare ƙyauren a hankali, ya miƙo mini.

Ya ce, “Aikinka ya yi kyau. Amma ƙohwag ga ba a ruhe ta.”

Na ba shi haƙuri, na tambayi dalili.

Ya ce, “Wadda tak kahwa birnin ga, Magajiya Mai Wushirya aka ce mata. Shekarar yunwa ta, tana kiwon awaki da wani ƙaramin yaro mai yawan kuka. In ya ce ciki nai na ciwo, sai ta ce shi yi kurum, bayan dutsen can akwai birnin da rumbu ba ya ƙarewa. Ita tas sa suna, ita tay yi dokoki, da tsakuwa ta zana mai ƙohohi. Ran da anka zo ɗaukar ta gidan miji, ta yamma anka bi da ita. Tac ce shi bar mata ƙohwa buɗe, tana dawowa.”

Na ce, “To ta dawo?”

Ya ce, “Ta girma. Ta yi ɗiya da jikoki. Manya ba su tuna irin wanga abu.”

Ni da nake gane ciwon rediyo da kunne tun kafin in kwance shi, wallahi ban gane komai ba. Na ɗauka wani babi ne na tarihi irin na jaki. Abin da na gane kawai shi ne na taɓa wa dattijon nan wani wuri mai ciwo, kuma na ji kunya ƙwarai. Kunyar ce ta sa na fasa masa ƙwai, na gaya masa abin da ya kawo ni, har da asalin igiya.

Sai ga shi yana dariya har da hawaye. Ya ce, “Kai ɗana, kana zaton ban san laka ta ba? Ni ka kwaɓa ta kullum da sahe!” Amma zancen tafiya ya ce in bar shi. Ruwa ya kusa, gona tana jira, ganuwa tana son yaɓe. “In Yaya, innarka, na son ganina, hanyad da kab biyo ba ta ƙare ba.”

Na juyo ba tare da Kawu ba. Jandarman Buza ya gane ni, ya ce ina ragon. Na ce ya ƙi biyo ni.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince wake. Ta dubi bayana ba ta ga kowa ba, ta ajiye faifan. Kafin ta buɗe baki na yi sauri na fara zuba: lafiyarsa lau, yana salla, gonarsa ta fi ta kowa, birnin ma abin kallo ne, sunansa Zangarma.

Ta ce, “Mi kac ce?”

Na maimaita. Na ci gaba da labarin haraji da gishiri, na zo kan rumbuna na ce ba a taɓa na bana sai an cinye na shekara biyu.

Inna ta ce, “Uku.”

Na tsaya. Yaya Mamman ya dube ni, na dube shi.

Ta ce, “Tsani hwa, ɗakin wa shika kwana?”

Na ce na mata.

Ta gyaɗa kai. Ta ɗauki ƙwayar wake ɗaya tana juya ta a yatsa. Can ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, “Ƙohohi bakwai na. Ta yamma hwa?”

A lokacin ne na dubi bakinta, inda haƙoran gaba suka taɓa zama, na tuna da Magajiya Mai Wushirya. Na ce, “A buɗe take, Inna. Na yi mata ƙyaure, ya cire.”

Ta ce, “Shisshigi gare ka tun kana yaro.” Ta juya mana baya ta share fuska da gefen zane. Sannan ta ce wa matar Yaya Mamman ta ɗaure mata kayanta, gobe akwai mota.

Tafiya ta biyu ba ta da dogon labari, domin duk wanda ya ga fuskar Inna a motar nan matsawa yake yi. Direba ya ba ta gidan gaba, ni na koma baya. Da muka isa bakin iyaka, Sarjan Iro ya miƙe zai nemi lesefase, sai Inna ta kwance ƙullin zanenta ta ajiye masa dutsen niƙa ƙarami wanda ta ɗauko tun daga Sabon Gida. Ta san doka, ita ta yi ta.

Kawu yana tsugune wajen kasuwa. Ya ɗago ya gan ta. Inna ba ta bi ta kudu ba. Ta zagaya da sandarta har yamma, ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara, ta zura hannunta ta cikin ƙofar har wuyan hannu.

Ta ce, “Anaruwa, ina ruwa yat tsaya?”

Ya ce, “Inda anka tare shi, Yaya.”

Ta duba birnin daga wannan gefe zuwa wancan. Ta ce, “Wa yac ce ka maida kasuwa kusa ga masallaci?”

Ya ce, “Jaki na, Yaya.”

Ta ce za a sake duba wannan magana. Shi kuwa yana dariya, hawaye na bin gemunsa, laka duk ta ɓata masa fuska wajen sharewa. Ni ma na juya ina duban gangare kamar na ga wani abu a can.

Inna ba ta dawo Sabon Gida ba sai bayan girbi, kuma tare da Kawu suka zo, ya yi mana wata guda ya koma. Amma a ranar nan, kafin in kama hanya, Kawu ya kira ni.

Ya ce, “Salisu, ƙyauren nan naka na nan?”

Yana cikin jakata, ban jefar ba. Na tsuguna, na mayar da maratayin a gurbinsa, na ɗaure jar wayar. Inna ta ce in tabbata ya zauna daidai. Na tura shi da ɗan yatsa, na sa sakata.